Noman da Ba na Gona Ba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga uwata, Balkisu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kin dace da masauki mai kyau da maƙwabtan kirki. Allah ya tsare ki a tafiya da zama, ya tsare mijinki Malam Bashiru, ya raba ku da sharrin hanya da na baƙon wuri. Innarki tana gaishe ki. Ƙanwarki Luba ma tana gaishe ki, ta ce in sanar da ke kin manta ɗankwalinki shuɗi a ɗakinta, kuma kada ki wahalar da kanki wajen tambaya, ta riga ta gaje shi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna. Rubutun nawa na ajin yaƙi da jahilci ne, baƙaƙen kamar sawun kaji, sai ki bi a hankali. Kwana huɗu na yi ina fama da ita tsakanin aski da aski. Ran Juma'a da kika zo daga Kalgo yin sallama, kika durƙusa a zaure kika ce, "Baba, a yi mani hwaɗa da addu'a," abin da na iya ce miki shi ne Allah ya kiyaye hanya, na saɓi zabirata na fita kamar ana jirana. Ba wanda ke jirana. Sunan mahaifiyata gare ki, ko a takardar nan sai da hannuna ya yi nauyi kafin na rubuta shi, balle in dube ki ido cikin ido in faɗi abin da ke raina. Shi ya sa na aika wa Malam Bashiru ita cikin ƙunshin mazarƙwaila, na ce kada ya ba ki sai kun sauka.

Ki fara sanin wannan: ina alfahari da ke, alfaharin da ban san ƙirjina zai iya ɗauka ba. Ranar da kika bugo waya kika ce asibitin koyarwa ya ɗauke ki horon ƙwarewa a tiyatar baki da muƙamuƙi, ina tsakiyar yi wa Alhaji Dikko mai rake aski a gindin darbejiya. Na ajiye aska na kama hanyar gida don in gaya wa innarki, na bar bawan Allah da rabin kai. Har yau in ya gan ni sai ya ce, "Uban likita, yaushe za a ida min sauran?" Ni ko ba na jin haushi, don na fi kowa sanin abin da kika sha. Shekara shida a jami'a, ga shekarar horo, ga bautar ƙasa, ga waccan jarabawa ta share fage da kika rame a kanta har innarki ta zaci ciki ne. Bayan duk wannan kika je neman gurbi aka ce ba ki samu ba, kika dawo kika sake shiri kika koma. 'Yar wanzamin Gwandu ce ta yi wannan, kuma ba wanda ya ɗaga miki waya ya nema miki alfarma.

Faɗan da kika ce in yi miki kuwa, ba ni da shi. Me wanzami zai koya wa likita? Abin da na tara kurakurai ne, kuma suna da yawa. Bari in zaɓo miki manyan, ki ɗebi abin da zai amfane ki.

Na farko a kanki na yi shi. Ranar da kika ce jami'a ta ba ki karatun haƙori, na tuntsire da dariya a gaban innarki na ce, "Shekara shidda don cire haƙori? Ki biyo ni kasuwa in koya miki cikin sati guda, awartakin ma in ba ki aro." Kika yi murmushi kika tashi. Sai daga baya innarki ta gaya mini a bayan rumbu ta same ki kina kuka. Ban tsaya nan ba. Shekara da shekaru in an tambaye ni a majalisa me 'yarka take karantawa, sai in ce likita, in haɗiye haƙorin. A ganina likita shi ne mai tsaga ciki, sauran duk 'yan rakiya ne.

Allah ya tashi warkar da ni ranar da na kawo miki ziyara asibitin da kike aiki a Kalgo. Ina zaune kan benci aka shigo da wani manomi, ya faɗo daga babur da buhun shinkafarsa, muƙamuƙi ya karye, baki ya goce gefe guda, jini yana shaƙe shi. 'Yan'uwansa sai salati. Na ga kin juya shi ta gefe, kin sa hannu kin jawo harshensa gaba, kin share bakin, numfashi ya dawo. Kika ɗaure shi daga haɓa zuwa tsakar ka, kika buga waya can babban asibiti kika ce ga shi nan tafe, kika yi wa yayansa bayani dalla-dalla har hankalinsa ya kwanta. Ni da na shekara arba'in ina ganin jini sai da na kau da kai, ke ko aikinki kawai kike yi. Da motar ta tashi kika wanke hannu kika ce mini, "Baba, ka ga nan iyakata take. Waɗanda za su haɗa ƙashin nan da ƙarhe, su nika son in zama." Tun ranar duk wanda ya tambaye ni, likitan haƙori nake cewa, kuma haƙorin nake ɗaga wa murya.

Abin da ban sani ba na raina, shi ne laifina. To ke ma inda kika je za ki koma 'yar auta. Za a sa ki wankin ciwo, a sa ki riƙe ƙarfe a bakin mutum har hannunki ya sage, a sa ki rubutu, mai yiwuwa wanda bai kai ki shekaru ba ya daka miki tsawa. Kada ki raina ko ɗaya. Shekara uku na yi ina wasa wa babana aska kafin ya bar ni na taɓa kan mutum, kuma duk abin da hannuna ya iya, a kan dutsen wasan nan ya koye shi. Kada kuma ki raina ma'aikaciyar jinya da ta tsufa a ɗakin tiyata, ko mai dafa kayan aiki. Sun ga likitoci da yawa sun zo sun wuce, in kin gaishe su da ladabi za su gaya miki abin da ba ya cikin littafi.

Na biyu tun ba a haife ki ba ne, ban daɗe da gadon zabira ba. Na je wani suna a Wurogauri, bayan an gama askin jariri sai aka kawo mini wani Bafillace mai suna Buba, kunci ya kumbura, kwana uku bai ci abinci ba. Mutane suka kewaye mu. Ni kuma ga ƙuruciya, ga sabuwar riga, ga 'yan mata suna leƙe. Na ce wanne ne? Ya nuna ta bayan kunci, ya yi wata magana rabi Hausa rabi Fillanci, cikin kumburarren baki. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gyaɗa kai don kada a ce wanzamin Gwandu bai gane ba. Na sa awartaki na tumɓuko haƙori, na ɗaga shi sama kowa ya gani. Fari tas, lafiyayye, ko ɗigon baƙi babu. Buba ya tofar da jini ya dubi haƙorin ya dube ni ya ce, "Wanzam, wanga bai yi min laihi ba. Maƙwabcinai na."

Da na ce ya yafe mini a nan, da magana ta ƙare. Sai na murtuke fuska na ce ai wannan shi ke tura wa wancan ciwon, dole a fara da shi. Bawan Allah ya sake buɗe baki na cire na biyun. Ya yi shekaru a raye bayan nan, kuma duk inda muka haɗu a kasuwa sai ya washe mini giɓin ya ce, "Wanzam, ga ƙohwar da kab buɗe min." Da dariya yake faɗa, ni kuma kunya ta rufe ni, ba don haƙorin ba, don ƙaryar da na ɗora a kai.

Don haka, uwata, ki tambaya, ki sake tambaya. Ki sa mutum ya taɓa wurin da yatsansa. In ba ki ji yarensa ba ki nemo mai ji, in babbanki ya yi bayani ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba, ko da a gaban ɗalibai ne. Matambayi ba ya ɓata. Ranar da hannunki ya kuskure kuwa, don sai ya kuskure, ke za ki fara faɗa da bakinki kafin wani ya gano. Da kunya nake rubuta wannan, don nan gaba kaɗan za ki ga ni kaina ban ɗauki darasin ba.

Na uku kina wurin, har ke kika fi kowa dariya da farko. Shekara biyu ke nan, lokacin da kika dawo daga neman gurbi na farko ba ki samu ba. Kin zo gida kina zaune a tsakar gida kan tabarma, idanu sun yi ja, innarki tana tankaɗe, Luba tana kan kekenta na ɗinki. Na ce in lallashe ki, sai na ce ki haƙura haka nan, kina da aikinki a Kalgo, kina da mijinki, me ya rage? Wace wahala ce za ki sake jefa kanki shekara shida? Kika sunkuyar da kai kika ce, "Baba, don noma nika son aikin ga."

Na ce, "Mi kinka ce? Noma?"

Kika ce, "I, Baba, noma."

Wallahi farin ciki ne ya kama ni. A raina na ce ashe yarinyar nan so take ta ƙware ta sami abin da za ta kafa gona, to ina amfanin doguwar hanya? Na gyara zama na ce in dai noma ne ai ta kwana gidan sauƙi, ga fadamar kakanki ta hanyar Dalijan rabi a kwance, gobe in sa a yi miki huɗa, ki zaɓa, rake ko albasa. Har na fara lissafa miki wanda zai ba mu iri. Kika ɗago kika dube ni, kika fashe da dariya da hawayenki a fuska, innarki ta ajiye rariya tana tayawa ba tare da ta san abin da ake wa dariya ba. Da kika lafa kika ce, "Baba, ba noman gona nika nuhi ba. Sunan ciwo na. Haka likitoci ka kiran ciwon da ac ci kuncin Luba."

Keken ɗinki ya tsaya. Dariyar ma ta tsaya.

Mu nan ciwon iska muka san shi, wasu su ce ciwon daji, a rediyo na ji suna cewa zaizayar baki. Ban taɓa sanin yana da sunan da ya yi daidai da sana'ar da muke ci da ita ba. Tun ranar in wani ya ce mini ya noma, sai gabana ya faɗi kafin in amsa. Darasin da ke nan ƙarami ne amma ki riƙe shi: kalmar da kika koya a makaranta, kafin ta isa kunnen mutumin ƙauye ta zama wata aba. In kin gama bayani ki ce masa ya maimaita miki abin da ya ji, kada ki sallame shi ya tafi neman irin albasa.

Amma ba don darasin nan na kawo zancen ba. Na kawo shi ne don ya kai ni inda nake ta kewaye-kewaye tun farkon takarda. An ce wanzami ba ya son jarfa, to yau ni zan miƙa wuya.

Abin da aka gaya miki game da ciwon Luba ba gaskiya ba ne. Kina makarantar kwana a lokacin, shekararki goma sha uku, ita tana da huɗu. Da kika dawo hutu kika tarar da ita da rami a kunci, na ce miki abu ne na kwana uku, kafin mu farga ya gama ɓarna, kuma likita ya ce ko da yaushe aka kawo ta haka za a yi. Ni na tsara wannan magana, na kuma sa innarki ta riƙe ta shekara goma sha bakwai.

Kwana tara ne, ba uku ba. Ta tashi daga ƙyanda a rame, sai dasashinta ya fara jini, baki ya fara wari. Tun a rana ta biyu innarki ta same ni a zaure ta ce, "Malam, mu tahi asibiti da ɗiyag ga. Warin ga ba na ƙyanda na ba." Na ce ina wanzami a kai 'yata asibiti kan ciwon baki? Mutanen da nake buɗe wa bakin 'ya'yansu kullum su ce me? Na ce da hannuna zan warkar da ita. Na jiƙa bagaruwa, na daka jar kanwa, na yi ta wanke mata tana ihu. Kunci ya kumbura, na ce ƙurji ne ya nuna, na yi mata sakiya. A rana ta shida wani baƙin tabo ya fito a kuncin. Innarki ta goya ta ta ɗauki mayafi, na tsaya a bakin ƙofa na ce in ta fita ba da yawuna ba. Ta kwance goyon ta zauna, ba ta sake yi mini magana ba sai ranar da naman ya zube, na ɗauki yarinyar da kaina muka nufi tasha.

Likitan da ya karɓe mu bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya tambayi kwana nawa, innarki ta faɗa. Sai ya ce da tun ranar da warin ya fara aka zo, allura da magani da abinci mai kyau sun isa su tsayar da shi. Ya ce mu gode Allah, yawancin yaran da suka kai haka ba sa tashi.

Babana, wanda ya koya mini sana'a, yana da ƙa'ida guda da bai taɓa karyawa ba: ba ya sa ƙarfe a jikin ɗan cikinsa. Kaciyata ma wani wanzami ya kira daga Dalijan ya yi. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce in ɗanka ne a gabanka ba ciwon kake gani ba, kanka kake gani. Na ji wannan magana da kunnena, na san ta, na take ta. Son Luba nake yi, Allah shi ne shaida, amma cikin kwana taran nan sunana nake wa magani, ba 'yata ba. Tun daga lokacin ban sake buɗe bakin yaro ba, ko belu na daina cirewa. Mutane sun ɗauka idona ne ya rage gani, na bar su a haka.

Ban san yadda za ki dube ni bayan kin karanta wannan ba. Ina tsoro, kuma na faɗa. Shekara talatin kina durƙusa mini, ban sani ba ko na cancanci na gaba. Innarki ta yafe mini tun tuni, ko da yake ba ta manta ba, kuma bai kamata ta manta ba. Ke ma ina neman gafararki, kan ƙaryar da na ciyar da ke.

Sai dai da neman gafara kaɗai ne da na iya yin shiru har kabari. Akwai abin da ya fi shi, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kin tuna abin da kika ce wa Luba a hutun nan? Ina bayan taga ina ji. Kin ɗora ta a cinya kina ba ta kunu da cokali ta gefen baki, kika ce, "Ki bar kuka, in na girma likita za ni zama, da hannuna za ni gyara miki." Yarinya 'yar shekara goma sha uku ta yi alkawari, ta riƙe shi shekara goma sha bakwai, ta bi shi ta jami'a, ta jarabawa, ta faɗuwa da tashi, har ga shi yau ya kai ta ƙofar ɗakin tiyata. Ban taɓa ganin riƙon alkawari irin naki ba, a cikin maza ko mata. In na tuna sai in ji ban isa a ce ni na haife ki ba.

To amma ki dubi ɗaya gefen. Kin san aikin da aka yi mata a Sakkwato tana ƙarama rufe ramin kawai aka yi. Sun ce in ta girma a dawo da ita a buɗe muƙamuƙin da ya manne, a ƙarasa gyaran kuncin. Ta girma tun tuni. Sau biyu ina cewa ta shirya mu je, sau biyu tana ce mini, "Baba, sai Adda ta gama. Ita ta yi min alkawali." Shekararta ashirin da ɗaya. Har yau sai ta murmushe tuwo ta tura ta giɓin gefe. Har yau in an zo karɓar ɗinki sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ita da ta fi duk matan unguwar nan iya yanka da iya baƙar magana. An haife ta a garin rake, ubanta yana noman rake, ba ta san yadda ake shan sa ba sai a matse mata a kofi. Ke kuma yanzu za ki fara, shekara shida in komai ya tafi daidai, ban da shekarun da hannu zai ɗauka kafin ya nuna.

Da hannuna. Ranar da na ji kalmar nan a bakinki daɗi na ji, sai da na tsufa na gane tawa ce kika gada. Taki ta fito daga zuciya mai tsabta, tawa ta fito daga girman kai, ban haɗa su ba ko kusa. Amma wadda take jira ɗaya ce. Na sa ta jiran kwana tara, kin ga abin da ya ci. Ba na so ke, 'yata da kika fi ni komai, ki sa ta jiran shekara shida saboda alheri.

Ga roƙona, kuma shi ne kaɗai abin da nake nema a wurinki. Ki warware mata alkawarin nan da bakinki, don daga bakina ba za ta karɓa ba. Yanzu kina cikin manyan masu aikin, kin san wanda hannunsa ya faɗa, kin san ƙofar da ake bi. Ki nemo mata wanda ya yi irin aikin nan har ya gaji, ki kai ta a bana. Ko da kin gama, ko da kin zama babba a cikinsu, kada ki sa wuƙa a fuskar ƙanwarki. Akwai 'ya'yan wasu birjik a ƙauyukan nan, daga Dangoma har bakin gulbi, waɗanda ba su da Adda likita. Hannunki nasu ne, kuma na san za su same shi da albarka.

Shekaranjiya da hantsi na shiga ɗakin ɗinkinta na zauna a ƙasa. Na gaya mata duk abin da na gaya miki, kwana taran da komai, don bai dace ki sani ita ba ta sani ba. Ta daɗe tana juya almakashi a hannu. Sannan ta ce, "Baba, ai na sani. Na tuna ranar da kat tsaya bakin ƙohwa." Shekara goma sha bakwai tana kawo mini ruwan alwala, tana ɗinke mini aljihun riga, ashe ta sani. Ita ce ma ta miƙo mini ƙyalle in share fuska.

Da na share na tambaye ta, in addarki ta ce ki je wurin wani likita, za ki je? Ta ce tsoro take ji, ta tuna ɗakin nan mai fitilu da yadda aka rufe mata hanci tana kiran Inna ba kowa. Sannan ta ce, "In Adda za ta shiga da ni ta riƙe min hannu har in yi barci, in tashi in ishe ta nan, za ni." Sai kuma halin nata ya motsa, ta ce, "Kuma ka ce mata ta yi sauri. So nikai in sha rake da kai kahin sauran haƙoranka su zube."

Ban sani ba ko aikin zai kai ta ga shan rake, ku ne masana. Na dai gaya wa Alhaji Dikko cewa layin rakena na ƙarshe, na bakin rijiya, ba na sayarwa ba ne bana.

Allah ya yi miki albarka, uwata. Allah ya sa hannunki ya zama sanadin waraka, ya tsare shi daga rawa da gaggawa, ya tsare zuciyarki daga abin da ya kama tawa. Allah ya haɗa ki da malamai masu tausayi, ya ba Malam Bashiru ladan haƙurinsa, ya kai ku lafiya ya dawo mana da ku lafiya. Ni ba sai kin ba ni amsa ba, in kin zo na gani a fuskarki. Luba ce ke jira, wayarta tana kan keken ɗinki.

Wassalam.

Mahaifinki,
wanzamin gindin darbejiya, Gwandu.